Wace roba ce mai sauƙin kuɗi ta dace da kwanan kunu da kindirmo?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san kan abin. Na ɗan fara 'yar sana'a ce a cikin gida, kunun zaƙi da kindirmo, ba wani mai yawa ba, gero kwano 1 ne ko 1 da rabi, kindirmon kuma madarar gari nake damawa kamar lita 5, maƙota na aiko yara suna saya, saura mu sha da mai gidan. Toh matsalata mazubi ne. Da farko bokitin fenti na samu, wanda ya rage lokacin da aka yi mana fentin falo, fari tas mai murfi mai kyau, na wanke shi da omo sau uku na shanya a rana kwana biyu har na daina jin warin komai, amma da kunu ya kwana a ciki wallahi sai ga wani ɗan wari kamar na sabon gini yana tashi can ƙasan maƙoshi, ni na ɗauka hancina ne sai da wata maƙociyata ta dawo min da gora biyu tace Maman Biyu yau kunun naki ya sha turare ne? kunya kamar in nutse.

Sai na koma jarka, na juye na ɗaure murfin gam don kar ƙwari su faɗa, gari na wayewa na tarar ta kumbura ta yi tim kamar mai cikin wata tara, ina murɗa murfin kunu yayi tsartuwa har silin ɗin kicin, har yau tabon na nan. An gudu ba a tsira ba kenan.

Ni dai bani da kuɗin manyan silba ɗin nan na masu gidan abinci. Roba nake so mai araha wadda bazata cutar da mutane ba kuma bazata canza min ɗanɗano ba. Wacce zan nema, kuma ya ake ganewa a kasuwa? Sannan akwai wani lemon citta mai gas da nake gani a TikTok ana tsima shi da suga a kwalba, ina son gwadawa, shi kuma a me ake yinsa? Na gode, a Kano nake.

Hajiyar Ƙofar Mata:

Wa alaikumus salam. 'Yar nan ku dai yaran yanzu komai roba. Mu da muka tashi randa ce da tukunyar ƙasa da ƙwarya, kuma ba wanda kunu ya taɓa yi wa warin fenti. Je ki nemi tukunyar ƙasa ki jiƙa ta ta kwana biyu da ruwan kamu ta daina warin ƙasa, nono kuma ƙwarya, ko ba ki ga Fulani ba? Ƙwaryar da ta saba da nono ko ba ki sa iri da yawa ba da kanta take kama shi. Bokitin fenti kuma ki mayar da shi na wanke-wanke ko shara, kar ki ƙara kusantar da shi da abin ci.

Tsohon Ma'aikacin Sharaɗa:

Hajiya ta faɗi gaskiya akan bokitin fenti, amma a yi haƙuri bari in ɗan yi bayani akan robar tunda ita aka tambaya, na yi shekaru a wani kamfanin roba a Sharaɗa ina kan injin da ke fitar da bokitai.

'Yar uwa in kin ɗauki roba a kasuwa abu na farko ki kifa ta ki dubi gindinta. Za ki ga wani ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a tsakiya daga 1 zuwa 7, wani lokacin da haruffa a ƙasa. A Amurka aka fito da tsarin a 1988 saboda masu tara roba su sake narkawa su riƙa bambancewa, amma mu ma yana mana amfani. Naki guda biyu ne, lamba 2 wadda ake rubuta wa HDPE da lamba 5 wadda ake rubuta wa PP. Lamba 2 ita ce robar jarkar man girki da durom, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 130. Lamba 5 ita ce ta yawancin fararen bokitai masu murfi da robobin da ake zuba abinci, ita sai wajen digiri 160. Ruwa kuma a 100 yake tafasa, kinga duk biyun tafasasshen ruwa bai narka su, sai dai su ɗan yi laushi. Kuma tsami bai cin su, wannan shi ne babban abin, domin kunun da ya kwana da kindirmo duk abubuwa ne masu tsami.

Lamba 1, PET, ita ce gorar ruwa da ta lemo. Lafiya lau ce ga abu mai sanyi amma tun daga wajen digiri 70 take fara lanƙwashewa, duk wanda ya taɓa ɗura kunu da zafinsa a gorar ruwa ya ga yadda take tsukewa ta karkace. 3 kuwa robar fayif ce, PVC, ki bar ta. 6 ita ce irin mai ƙaras-ƙaras ɗin nan ta kofin biki da cokalin roba, ba ta son zafi. 7 tarkace ne, duk abinda bai shiga shidan farko ba nan ake jefa shi, a ciki akwai irin da wasu manyan gorunan ruwa masu lita 19 suke, wadda ake ta surutu akanta saboda sinadarin BPA, ni dai bana zuba mata abu mai zafi. In kuma kin ga hoton kofi da cokali mai yatsu a jiki toh wannan alama ce kamfanin ya yi ta ne don abinci.

Amma ga inda mutane ke faɗawa rami. Lambar nan sunan robar kawai take gaya miki, ba ta gaya miki tarihinta. Bokitin fentin naki in kin kifa shi ba mamaki ki ga 5 ko 2 raɗau, shuɗin durom ɗin da ake sayarwa na hannu shi ma 2 ne, amma waye ya san me ya ɗauko daga jirgi? wani sinadarin jima ne, wani na sabulu, wani ma ba a san sunansa ba. Roba ba kamar gilashi take ba, tana shan abu musamman mai maiƙo ko mai ƙarfin wari irin fetur, kalanzir, tina, maganin feshi, ya shige cikin jikinta ya zauna, omo saman kawai yake wankewa. Shi yasa kika shinshina busasshen bokiti baki ji komai ba, amma da abu mai ɗumi ya kwana a ciki sai ya jawo shi waje. Jarkar maganin feshi kuwa ko sau ɗari aka wanke kar a zuba mata ko ruwan alwala, a fasa ta kawai.

Na biyu kala. Baƙin bokiti da baho mai ruwan toka ko wata kala mai duhu-duhu mara kyan gani, yawanci daga tsofaffin robobin da 'yan jari bola suka tara aka niƙa aka sake narkawa ne, ana zuba baƙin launi ne don ya rufe haɗe-haɗen. Na gani da idona, ana juye buhu a inji har da fasasshen kujera da murfin batir. Don wanki da ban ruwan fulawa ba laifi. Don abinci ki nemi fara, ko mai garai-garai da ake ɗan hango abin ciki. Ki buɗe murfin a gaban mai kayan ki sa hanci, sabuwar roba ta ƙwarai kusan ba ta da wari, in ta bugi hancinki kamar ƙonanniyar taya ki aje masa abinsa ko kyauta ya baki.

Na uku baki. Ki sayi mai faɗin baki da hannunki zai shiga har ƙasa. Jarka ko sabuwa ce bata dace da kwanan kunu ba, akwai lungun wajen mariƙi da soso bai taɓa kaiwa, nan gasara ke maƙalewa ta yi baƙi.

Mai Kindirmo Tudun Wada:

Anti ni shekara ta shida kenan ina kindirmo kuma ban taɓa sayen sabon bokiti a shago ba sai sau ɗaya. Wajen masu gidan burodi da masu shayi nake samu, bokitin bota da na mayonis da na kastad, sun gama da abin ciki suna sayarwa a banza-banza wasu ma in kun saba kyauta ne. Abinci ya fito daga ciki dama, kinga babu fargaba. Na kastad yafi sauƙin sha'ani don gari ne, ɗauraya biyu ya fita. Na bota kam sai kin yi da gaske, ruwan zafi da sabulun wanke-wanke sau biyu sau uku, sai ki jiƙa shi da bakar hoda, wato sodar nan ta yin kek, ya kwana, in kin shafa yatsa kin ji yana ƙii toh maiƙon ya fita. Wanda manja ya taɓa zama a ciki ki haƙura dashi, ja ɗin nan baya fita kuma kindirmo na ɗaukar wari kamar me, ko albasa kika yanka kusa dashi sai ya nuna.

Abinda ya taɓa cina shi ne soson ƙarfe. Wata yarinya da ke tayani aiki ta ga tana son burge ni ta dirje min bokitai uku da soson waya suka yi fari ƙal, daga ranar kindirmo na ya fara yauƙi yana tsinkewa da wuri, na canza madara na canza iri duk a banza, ashe ƙarcen da soson yayi ne datti ke ɓuya a ciki. Sai da na sauya bokitan. Yanzu soso mai laushi kawai, kuma da na juye nake wankewa kafin ya bushe a jiki. Sati-sati ina jiƙa su da Hypo, cokalin cin abinci 1 a ruwa lita 4, minti 10 haka, in ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce in kife su su bushe da kansu, bana goge cikin da tsumma. Kar dai ki haɗa Hypo da ruwan tsami ko ruwan kal, iskar da suke fitarwa guba ce.

Kuma ki raba musu, na kunu daban na nono daban, ki sa maka ki rubuta a murfi don masu aike. Citta da kanumfari suna kama roba, in kika yi kindirmo a bokitin kunu sai kwastoma yace fura ya sha.

Gwara ƙanana biyu akan babba ɗaya. Lita 5 na madara bokiti mai lita 6 ko 7 ya isheshi, in bokitin yayi girma da yawa ɗumin na guduwa kafin ya kama. Ni in madarar ta huce daidai yadda zan iya barin ɗan yatsana a ciki in ƙirga goma ba tare da na cire ba, wajen digiri 43 kenan inji masu awo, sai in sa iri in rufe in saka bokitin cikin kula in lulluɓe da tsohon bargo, awa 6 zuwa 8 ya kama, lokacin sanyi yakan ƙara. Hajiya Allah ya ƙara girma, ƙwarya na da daɗin nono ba musu, amma mai sayarwa kullum in ƙwarya ta ɗauki tsamin banza shikenan kowane kwano haka zai fito, kuma a zafin Afrilu kafin azahar ya zama tsala.

Uwar Biyu:

Kai Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na tashi na bi robobin kicin ɗina ɗaya bayan ɗaya ina kifawa yara na min dariya. Bokitin fentin 5 ne kamar yadda Malam ya faɗa. Bahon da nake jiƙa gero kuma babu lambar komai a gindinsa, shuɗi ne mai duhu. Shi ma in daina? Sannan ni a cikin robar nake sheƙa tafasasshen ruwan akan gasarar, ko in riƙa barinsa ya kwana a tukunyar dalmar da nake da ita kawai?

Tsohon Ma'aikacin Sharaɗa:

Bahon ki mayar wa wanki. Rashin lamba ba lallai yana nufin mugu bane, ƙananan kamfanoni da yawa basa sawa, amma gero na kwana ɗaya biyu a jiƙe har ruwan yayi tsami, ban ga dalilin yin caca akan abinda farin bokiti ɗaya zai raba gardama ba. Tukunyar dalma kuma ki dama a ciki ba laifi, amma kar ya kwana, tsami na cin alminiyam, shi yasa kike ganin tsohuwar tukunya da 'yan ramuka-ramuka a ciki kuma abin ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe. Ki dama a tukunya, ya sha iska, ki haɗa da ɗanyar gasarar da kika rage mai dankalin, sai ki juye a roba ya kwana. Ita ma robar zata fi daɗewa in ba kullum ake ƙona ta ba.

Ɗan Jos:

Madam barka da ƙoƙari. Ni zancen jarkar da ta yi miki wanka zan taɓa, don ba laifin robar bane, murfin ne. Duk abinda ke tsimuwa yana numfashi, iska yake fitarwa irin wadda ke cikin lemon kwalba, in bata samu hanya ba zata nema da ƙarfi. Ki ɗora murfin kawai kar ki danna shi ya shige, ko ki ɗaure bakin da farin yadi mai tsabta da roba, ƙuda bai shiga iska na fita. Kuma kar ki cika, ki bar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na bokitin fanko saboda kumfa.

A unguwar da na tashi akwai matan da ke burkutu da fito, tun ina yaro nake ganin yadda suke jiƙa dawa su baza ta ta yi tsiro su shanya su niƙa su dafa a rabin durom, amma wajen kwanan a manyan tukwanen ƙasa suke zubawa baki a buɗe sai ɗan faifai, kana wucewa kana jin tukunya na tsuwa tana tafasa ba wuta. Ban taɓa ganin wadda ta toshe bakin tukunya ba. Nasan ba shi kike yi ba, misali ne kawai na yadda abin ke aiki.

In kina son ki rufe ruf kuma iska ta fita, ki huda murfin ki zura siririn tiyo sabo irin na tankin kifi, ki liƙe gefen, ɗaya bakin ki tsoma a gorar da ke da rabin ruwa. Za ki ga yana ɓul ɓul, iska na fita ta waje bata komawa. Wasu balan-balan suke ɗaurawa a bakin gora su tsira masa allura.

Lemon citta mai gas kuwa dan Allah kar ki yi a kwalbar gilashi, musamman irin ta maltina ko ta turare da ake tsinta, in ta fashe ido take nema. Gorar lemo mai gas ta roba za ki samu, ta Coke ko Pepsi ko makamancinsu, an yi ta ne dama don ta riƙe gas, ta fi ta ruwa kauri kuma dubi gindinta mai ƙafa biyar. Ki bar wajen yatsa uku a sama, ki ɗaure, safe da yamma ki riƙa matsa ta, ranar da kika ji ta yi tauri kamar sabuwar da ba a buɗe ba sai firij. A zafin Kano kwana ɗaya ma na iya isa. Kuma ki sani sanyi rage masa gudu yake bai kashe shi, in NEPA suka ɗauke wuta kwana biyu ya cigaba daga inda ya tsaya, sai ki riƙa sassauta murfin yana huci. Masu kunun aya sun san wannan, shi ko yis ba a sa masa ba yini ɗaya ba sanyi gorar ta kumbure.

Abu ɗaya da masu bidiyon basa faɗa, tunda naga alama ke musulma ce gara ki sani. Gas ɗin nan yis ne ke cin suga yake fitar dashi, kuma tare da barasa suke fitowa, ba a samun ɗaya ba ɗaya. A kwana ɗaya biyu 'yar kaɗan ce, amma in aka barshi sati da suga mai yawa toh sunansa ya canza. Kindirmo da kunu mai kwana ɗaya ba haka suke ba, su yawanci ƙwayoyin da ke kawo tsami ne ke aikin.

Almajirin Zaure:

Ɗan Jos ka kyauta da ka faɗi wannan. Abin sha'awa ma zancen mazubi tsohon zance ne a wajenmu, ya zo a hadisi cewa da farko an hana tsima dabino ko zabibi a wasu mazubai guda huɗu, ciki har da duma da tulun da aka shafe da kwalta, malamai suka ce don abu na saurin ƙarfi a cikinsu mutum bai ankara ba, daga baya aka sassauta aka bar sharaɗin kar a sha mai sa maye. Kuma tsimin da ake yi wa Annabi (SAW) baya wuce kwana uku. 'Yar uwa in kina son lemo mai gas ba tare da waswasi ba ki dafa cittarki da suga da lemon tsami yayi kauri, in za a sha a tsiyaya ruwan soda a kai. In kuma na tsimin kike so ki tambayi malamin da kika yarda dashi tukuna.

Mai Kindirmo Tudun Wada:

Na manta, gorunan da kike ɗurawa kina sayarwa fa? In na yara masu tsintowa ne ki bari, baki san bakin wa ya sha ba ko me aka zuba, har daga bolar asibiti ake kwasowa. Akwai sababbi da murfinsu mai sil ana sayar da su dozin-dozin a Sabon Gari, ki ɗora kuɗin akan kunun, masu saye basa ƙi in sun ga murfi na ƙara wajen buɗewa.

Uwar Biyu:

Na dawo da rahoto. Jiya na shiga Sabon Gari na sayo fararen bokitai biyu masu lita 10 na kunu, ɗaya na jiƙo ɗaya na kwana, duk 5 ne a gindi, mai shagon har yana tambayata ko daga NAFDAC nake da ya ga ina kifa masa kaya ina shinshinawa. Na kindirmo kuma mai shayin bakin layinmu ya bani na kastad guda biyu yace in kawo masa gora ɗaya ya ɗanɗana. Kunun jiya da yadi na rufe shi, yau da safe lafiya lau ba wari ba wanka. Lemon cittar na ɗan dakata tukuna. Hajiya ban manta dake ba, na sayo 'yar ƙwarya ɗaya ta nonon mai gida, shi dama tun farko cewa yake na roba bai kai na garinsu ba. Bokitin fentin kuma yanzu na shuka na'a-na'a a ciki, ko ita ma kar a sha Malam?

Tsohon Ma'aikacin Sharaɗa:

Hhhh a'a wannan kam a sha shayi lafiya, ki dai huda masa gindi ruwa ya riƙa fita.